Gidan da Aka Saya da Tsohuwa a Ciki

Zuwa ga ƙanena Mai Awo,

Sallama daga wadda ta goya ka, da gaisuwa iyakar abin da takardar nan za ta iya ɗauka. Ina fata kana lafiya, kai da 'yarka Nas da mijinta da jikokin nan biyu masu gaishe ni da Hausa kamar suna tauna tsakuwa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar hagu da ke riga kowa sanin hadari ya taso. Kunne kuma ya ƙara nauyi, don haka ku daina wahalar da ni da waya. Kuna magana ina cewa to, to, alhali ban ji ko ɗaya ba. Ka rubuto. Aji huɗu na yi a makaranta, amma sun ishe ni gane inda ka yi kwana a zance.

To, mai gida. Wata biyar ke nan da ka aiko hoto kana tsaye a ƙofar wani gidan bene, ka ɗaga makulli sama kamar wanda ya kamo kifi. Ka ce da kuɗin sallamarka na aiki ka saya, kuma a rabin farashi, wai don ka iya ciniki. Na zaga unguwa da hoton nan har ya yi laushi. Ina ce musu ga ƙanena, shekara talatin da biyar yana auna filayen mutane, yau ya auna nasa a ƙasar waje.

Ga abin da ya ɗaure min kai. Har yanzu adireshin Nas ne a bayan ambulanka. Kuma hoton yara da ta aiko watan jiya, na sa tabarau na duba da kyau, na hango hularka da kwalbar maganin hawan jininka a kan gadon nan mai hawa biyu, a na ƙasa. Mai bene guda, me ya kai shi kwana a ƙarƙashin jikansa? Ko fenti ne bai bushe ba har yau?

Sashenka na gidan Baba yana nan a kulle. Ina buɗe tagogi duk Juma'a ya sha iska.

Yayarka.

*

Yaya,

Takardarki ta iso. Ina lafiya, jinin ya ɗan hau amma Nas na sa ido. Kowa na gaishe ki. Idonki dai bai tsufa ba.

Zan faɗa miki, amma don Allah kada ya wuce ƙofar ɗakinki.

Ranar da dillali ya kai ni ganin gidan, da tef ɗina na tafi. Na auna kowane bango, na nemo duwatsun iyaka huɗu, na ƙwanƙwasa ginshiƙai, na buɗe famfo, na hau cikin rufi da fitila. Babu inci ɗaya da ya saɓa wa taswira. Akwai wata tsohuwa a falo tana saƙa. Ta ba ni shayi, har ta riƙe min bakin tef. Na ɗauka mai gidan ce tana shirin tashi. Mai gidan ce kuwa, sai dai babu shirin tashi.

Takardar cinikin shafi goma sha tara ce, da yarensu. Taswirar na karanta, ita na iya. Nas ta ce in jira ranar hutunta ta bi min sauran layi-layi, na ce tun tana goye nake riƙe takardun fili. A ofishin da aka sa hannu, jami'in ya tambaye ni ta bakin tafinta, har sau biyu, ko na fahimci sharaɗi na bakwai. Ɗakin cike da mutane, kuma dillali ya riga ya gabatar da ni a matsayin tsohon ma'aikacin filaye. Na ce na fahimta.

A ƙasar nan doka ta yarda tsoho ya sayar da gidansa amma ya ci gaba da zama a ciki har ranar da zai bar duniya. Abin da ya sa kuɗin ya zama rabi ke nan, ba iya cinikina ba. Gidan nawa ne, sunana ne a ofishin filaye, amma ba ni da ikon kwana a ciki ko sa ɗan haya sai bayan ranta. Makullin da kika gani a hoto na ɗakin tarkace ne da ke tsakar gida. Ranar da na je da akwatuna biyu, ta buɗe ƙofa ta yi murmushi, ta ɗauko takardar ta ɗora yatsa a kan layin. Shekarunta tamanin da ɗaya.

Na ga lauya. Ya ce a doka babu wanda ya cuce ni. Amma za a iya gwada ƙara a kan cewa ba a fassara min yadda ya kamata ba, ko kuma a ba ta wani abu ta tashi da yardarta. Duka biyun kuɗi suke ci, ni kuwa fansho kaɗai ya rage min.

Saboda haka ki nemi mai saye, a sayar da sashena na gidan Baba. Da shi zan fitar da wannan.

Ƙanenki.

*

Mai Awo,

Gaisuwa da fatan jinin ya sauka. Muna lafiya. Ƙaramar jikata ta fara haƙori, tana gwada su a kan duk wanda ya ɗauke ta.

Allah ya yafe min, na yi dariya har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko albishir aka yi min. Ban faɗa mata ba, ka kwantar da hankalinka. Na ce jikata ce ta ciji baƙo.

Kai yanzu, mutane na sayen gida su tarar da gara, ko ɓera, ko rufi mai yoyo. Kai ka tarar da kaka. Har ta riƙe maka bakin tef! Ka auna bango huɗu, ka hau rufi da fitila, mutum guda yana zaune a gabanka yana saƙa ba ka tambaye shi ina zai koma ba. Tun kana yaro haka kake, in an aike ka a ce ka gane saƙon, sai ka ce ka gane, ka je ka tsaya a tsakiyar kasuwa kana kallon sama.

To, dariya ta ƙare. Ka san yadda gidan nan yake. Ƙofa ɗaya muke shiga, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. Duk wanda ya sayi ɗakunanka biyu, da shi zan riƙa haɗa ido kafin in wanke fuska. Wannan nawa ne, zan iya. Naka shi ne, in ka sayar, kuma alƙalinsu ya ce tsohuwa ce da gaskiya, ina za ka ajiye akwatunan nan biyu? Can babu, nan babu.

Duk da haka na bi umarninka, na sa an yi cigiya. Mutum biyu sun zo. Na farko malamin makaranta ne da matarsa, masu kirki. Na faɗa musu gaskiya, cewa an taɓa kashe maciji a ɗakin ciki. Ban yi ƙarya ba, kana cikin zanin goyo a lokacin, shekarar ce kawai ba su tambaya ba. Na biyu tela ne. Ya ce yana son wuri shiru. Na ce shiru kam akwai, sai lokacin hutu da jikokina goma sha ɗaya ke zuwa, kuma biyu daga ciki suna koyon busa. Bai ƙarasa ruwan da na ba shi ba.

Ni dai ban hana kowa ba.

Ka dawo gida, Mai Awo. Ka bar musu benensu ya jira ka. Wa zai tambaye ka? In an tambaya, ni zan amsa, kuma ka san ba na rasa abin faɗa.

Yayarka.

*

Yaya,

Tsohuwar lafiyarta ƙalau. Da ƙafa take zuwa kasuwa, tana hawa bene ba ta dafa gwiwa. Makon jiya ta yi tari kwana uku, ya wuce. Na tambayi mai gidan burodin layinsu, ya ce uwarta ta kai ɗari da biyu.

Akwai abin da ban faɗa miki ba a waccan takarda. Sharaɗi na takwas ya ce duk babban gyara a kan mai gida yake, wato ni. Tana rubuto 'yar takarda ta jefa a akwatin wasiƙun Nas. Rufi na yoyo, na gyara. Tukunyar ɗumama ruwa ta mutu, na canza. Ina gyara rufin da ban taɓa kwana a ƙarƙashinsa ba. Yanzu kuma ta rubuto wai ƙarfen da ake riƙewa a matakala yana rawa. Lauya ya ce kada in riƙa gaggawa, in zama ya cika yi mata daɗi ba za ta saurari maganar tashi ba. Takardar na aljihuna, sati uku ke nan.

Zaman nan ya ishe ni. Mijin Nas mutumin kirki ne, bai taɓa cewa komai ba, amma a kicin yake aikinsa yanzu. Babbar jikar ta fara girma, sai in fita baranda kafin ta canza kaya.

Ba zan dawo a ce Mai Awo ya je ƙasar waje ya sayo hoto ba. Ga takardar izini nan na sa hannu, da hatimi, kina da ikon sayarwa a madadina. Kuma don girman Allah ki daina ba masu saye labarin maciji. Na san ki.

Ƙanenki.

*

Mai Awo,

Muna lafiya, tunda ba ka tambaya ba. Taka lafiyar ma ban gani a takardar ba. Na juya ta gaba da baya, lafiyar tsohuwar mutane kaɗai na tarar, da tarinta, da shekarun uwarta. Yaushe aka ɗauke ka aikin likitanta? Ni tsohuwa ce, na san bambancin mai tambayar jikina don ya ji na warke da mai tambaya don ya ji inda aka kwana. Ka kiyayi zuciyarka.

Ka samu mai saye. Mai shagon taya ne na bakin titi, mai ƙaton agogon nan. Na ba shi labarin maciji, ya ce madalla, dama ɓeraye na cinye masa roba. Na kawo jikoki goma sha ɗaya, ya ce nasa goma sha huɗu ne. Ya ƙure ni, Mai Awo, karon farko a rayuwata. Zai fasa bangon waje ya sa ƙofar ƙarfe, ɗakunanka su zama sito. Mun tsayar da Alhamis ta ƙarshen watan gobe, za mu je ofis a sa hannu. Sashenka ne, ba zan riƙe maka abinka da ƙarfi ba.

Amma ka fitar da takardar nan daga aljihu ka je ka ɗaure mata ƙarfen. Lauya ba shi zai hau matakalar ba.

Yayarka.

*

Yaya,

A gurguje. Tsohuwar ta faɗo daga matakala ranar Talata, ƙugunta ya karye. Tana asibiti. Likitoci sun ce a shekarunta abin da wuya. Ki dakatar da mai taya, kada ki sa hannu. Ina ganin ba sai an sayar ba. Zan rubuto.

Ƙanenki.

*

Kai,

Yau babu gaisuwa.

Na karanta layukan nan naka sau biyar ina neman inda ka ce Allah ya ba ta lafiya. Babu. Mace ta faɗo ta karye a kan ƙarfen da takardarsa ke aljihunka, abin da ya fara zuwa maka shi ne ba sai an sayar ba. Wato gida ya kusa faɗowa hannu, a ajiye na nan ma, a haɗa biyu.

Ni na goya ka. Na san ka da taurin kai, na san ka da jin kunyar cewa ban sani ba. Ban san ka da zaman jiran gawa ba. Shekaruna saba'in da huɗu, ni ma ina dafa bango in zan tashi. In ka dawo nan, tarina za ka riƙa ƙirgawa ta katanga?

Da can ni ke korar masu saye don in ajiye maka wurin dawowa. Yanzu ji nan. Alhamis na nan yadda take. In ban ga takardarka da bayanin da zai shiga kaina ba kafin ranar, zan sa mayafina in je in sa hannu, in aika maka kuɗinka, ka zauna can ka yi gadin ƙofar asibiti. Gara in tashi da warin taya.

Wadda ta goya ka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina tambayar gwiwa da kunne da mai sabon haƙori. Ni ina nan, na rame kaɗan. Takardarki ta yi sati uku a hanya, ta same ni bayan Alhamis ɗin ta wuce da kwana tara. Na ɗauki waya sau biyu na ajiye. Ko kin ji ni, ba maganar waya ba ce.

Ba zan ce kin yi min ƙage gaba ɗaya ba. Da asibiti suka kira, ni suka kira don sunana ne a kan gidan, kuma ba ta da kowa sai wani ɗan ƙaninta a nesa. A cikin numfashi ɗaya, kafin in ce innalillahi, zuciyata ta ce shi ke nan. Na ji ta da kunnena. Wannan ne ya hana ni cin abinci kwana biyu.

Na je na same ta a gado, ƙarama kamar yarinya. Nas ce ta yi mana tafinta. Na fito da takardar daga aljihuna na nuna mata, na ce laifina ne. Ta dube ta ta ce i, laifinka ne. Sannan ta ce makullin ƙofa na cikin jakarta, in je in ba furanninta ruwa.

Daga nan ofishin lauya na wuce. Ya ce dama ta samu: in na rubuta cewa gidan bai dace da mai karaya ba, hukuma za ta kai ta gidan kula da tsofaffi, daga can kuma sa hannunta a kan barin gidan ba zai yi wuya ba. Na ce ya rufe fayil ɗin. A kan teburinsa na rubuta miki waɗancan layukan da suka ɓata miki rai. Abin da nake nufi ke nan da ba sai an sayar ba, babu ƙara, babu abin da za a ba ta ta tashi. Sauri nake yi, shi ya sa suka zama gajeru.

Na ɗaure ƙarfen da kaina. Na sauko da gadonta falo, na auna ƙofar banɗaki na ga keken marasa lafiya ba zai shiga ba, na sa aka buɗa ta da yatsu huɗu. Likitoci ba su san ta ba. Ta dawo gida makon jiya, tana takawa da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, tana yi wa mai jinyarta faɗa a kan gishiri.

Gidan na mayar da shi sunan Nas. Wannan karon ita ta karanta, ni na saurara. Shekarunta talatin da takwas, za ta iya jira ba tare da ta kasa kunne ga tarin tsohuwar ba. Ni na gwada, ban iya ba.

Zan dawo ƙarshen watan gobe. In kin sa hannu, ban ga laifinki ba, ni na ba ki izini har da hatimi. Ki nema min ɗaki ɗaya na haya kusa da ke, mai taga. In kuma ba ki sa ba, ki gaya min.

Ƙanenki.

*

Mai Awo,

Gaisuwa ta dawo, har da ta wancan karon da na riƙe. Muna lafiya. Ka gaishe min da Nas, ka gaishe da tsohuwar, ka ce wata 'yar'uwarta a nesa ta ce ta ci gaba da faɗan gishiri, alamar sauƙi ce. Na yi maka mummunan zato, rabinsa ka amsa da bakinka, rabin da ya rage ka yafe min.

Ranar Alhamis na je. Na ce zan je, kuma raina a ɓace yake da gaske. Muka zauna, ni da mai taya da agogonsa, magatakarda ya miƙo min biro. Sai na ce ɗana, kafin in sa hannu ƙara min layi ɗaya a ƙasa. Rubuta cewa an sayar, amma tsohuwar gidan za ta ci gaba da shanya kayanta da ajiye tukwanenta a ɗakunan nan biyu har ranar da za ta bar duniya. Magatakarda ya ce a ina na samo wannan. Na ce a ƙasar waje haka manya ke yi, ƙanena ma da ya san filaye irinsa ya saya.

Mai taya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, Baba, shekarunki nawa? Na ce saba'in da huɗu, amma ban fara jin su ba. Ya ce mahaifiyarki fa? Na ce ai ba a gama ƙirga nata ba aka gaji. Ya ɗauki hularsa. Yanzu in na wuce shagonsa sai ya shige ciki.

To ɗakunanka na nan. Ka ba ni sati biyu in kwashe tukwanen, don da gaske na zuba su a ciki. Maƙwabta na riga na gaya musu sanyin ƙasar ne bai karɓe ka ba, kuma ka bar wa 'yarka bene kyauta. Duk gaskiya ne, sai ka riƙe fuskarka.

Abu ɗaya zan faɗa maka tun yanzu, da Hausa, ba da tafinta ba, don kada ka zo da akwatuna ka ce ba a yi maka bayani ba. Wannan gidan ma akwai tsohuwa a ciki, ba ta da niyyar tashi, kuma famfo ya daɗe yana ɗiga. Ka fahimta, ko in sake?

Yayarka.